Injin Ban-Ruwa Mai Jan Ƙyalle

Karo na uku ke nan Munawwara tana ɗaukar hoton inji ɗaya. Ta gane shi sarai: jan ƙyalle ɗaure a hannunsa, murfin tankin mai kuma na kwalbar lemo ne.

Wata uku da ta fara aikin ba da rance a wani ƙaramin asusun manoma a Malanville, kuma ranar Juma'a gwajinta zai ƙare. Dosiye ashirin, wato fayil-fayil na masu neman rance, aka ce ta kawo kafin a tabbatar da ita. Tana da goma sha biyar. Sauran biyar ɗin manoman albasa ne na Madekali, kuma dokar asusun ta ce sai mai injin ban-ruwa za a ba wa, don shi ne jingina.

A gonar Issufu ta fara ganinsa. A gonar Maigandi ta ce wa ranta wataƙila kama ce. A ta uku ta same shi da zafinsa, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuwa a bushe ƙamas, alamar yanzu aka kawo shi daga wata gona. Haushi ya kama ta. Wato shekara biyun da ta yi tana karatu a Parakou ba ta hana a mai da ita sakarya ba.

A gona ta huɗu babu inji sam. Wani dattijo, Malam Yari, ya shimfiɗa mata tabarma.

"Zamna ki sha ruwa, ɗiyata. Injin shina tahe, jakin ne ya ƙi tahiya."

"Baba, ko ɓoyewa ba za ku yi ba?"

"Mi za mu ɓoye? Mu biyat munka haɗa kuɗɗi munka saye shi. Yanzu kowa na son nashi, ku kuwa kun ce sai mai inji za ku ba kuɗɗin inji. To ya za mu yi?"

Babu amsar wannan a littafin dokokin asusun da ta haddace.

A kan kabu-kabu, hanyar komawa, ta yanke shawara. Ta haɗa su biyar a dosiye ɗaya, ta rubuta gaskiya: inji ɗaya, masu shi biyar. Goma sha shida ke nan. Ta san abin da hakan ke nufi, ta kuma tuna mahaifiyarta da ta riga ta shaida wa duk unguwa cewa 'yarta ma'aikaciyar banki ce.

Shugaban reshen, Mushe Latifu, kamar yadda ake ce wa Malam da Faransanci, ya daɗe yana kallon hoton. Sai ya yi murmushin wanda ya haɗu da tsohon aboki.

"Ashe har yanzu yana aiki."

Ya jawo aljihun tebur, ya zaro tsofaffin hotuna ya baza mata. Guda bakwai, gona daban-daban, inji ɗaya. A lokacin ƙyallen bai koɗe ba.

"Da shi aka tabbatar da ni," in ji shi. "Kuma ko dala ba su taɓa ci mana ba. Amma sha shida ba ashirin ba ne, Madam. Kina da kwana biyu. Ki koma ki ce su kwance ƙyallen, ki yi wa kowa dosiyensa."

Munawwara ta dubi hotunan, ta dubi dosiyenta. Ta ɗauki biro ta sa hannu a ƙasan abin da ta rubuta, ta tura masa.

"Ƙyallen nasu ne, Mushe. Ni ba zan taɓa shi ba."