Daraktan Shagon Yadi

Maigidana Malam Abdulwahidu mutumin kirki ne, amma akwai shi da son muƙami. Da abokinsa Sharfaddeen ya buɗe shagon yadi da ɗinki a titin Jalan Masjid India, nan ƙasar waje da muke zaune, ya nemi aron sunansa a takardun kamfani, Malam ya amince, ko shawara da ni bai yi ba. Sai ganinsa na yi da kati an buga "Darakta". Mutumin da bai san bambancin leshi da atamfa ba!

Ashe Sharfaddeen yana yankar kason asusun ritaya daga albashin telolinsa, ba ya kai wa hukuma, balle ya ɗora nasa kason na mai kamfani. Teloli suka kai ƙara, magana ta je kotu, gogan naka Sharfaddeen ya tattara ya koma gida. Sammaci ya faɗo kan darakta, aka kuma hana shi fita ƙasar sai an biya. Ga ɗaurin auren 'yarmu Hadiyya a Kano ƙarshen wata, har mun yanki tikiti.

Na ce, "Malam, mu nemi lauya."

Ya ce, "Lauyan me, Saudatu? Ai magana ce ta manya."

Ya tara dattawan unguwarmu ta Pantai Dalam, kowa da babbar riga cikin zafin nan, suka riƙo dabino da turare, aka hau jirgin ƙasa na LRT zuwa unguwar Kampung Baru, gidan Makcik Zaleha, wato Inna Zaleha, tsohuwar telar da ta fara kai ƙarar. Na bi su don kada a ba ni labari.

Baiwar Allah ta shimfiɗa mana tabarma, ta ce, "Makan dulu," wato a ci abinci tukuna. Wakilan ban haƙuri suka share shinkafar tas, har da masu neman ƙari. Sannan babbansu ya yi salati, ya zuba dogon jawabi da Turanci a kan haƙuri da 'yan'uwantaka, ya roƙe ta ta janye.

Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Na yafe, lah. Amma ƙarar ta bar hannuna, tana wajen hukuma." Sai ta ɗaga hannayenta, yatsun duk sun ƙandare. "Ko zare ba na iya zurawa yanzu. Da kuɗin nan na yi niyyar cin abinci in na tsufa."

Kowa ya sunkuyar da kai. Da muka isa gida Malam ya ce:

"Sunana ne a kai. Zan biya."

Aka yarda ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, amma ba fita sai ya kammala. Ni kaɗai na hau jirgi, ina jin haushinsa, ina kuma tausayinsa. Ranar ɗaurin aure ƙanensa ya tsaya waliyyi. Da aka watse na kira shi, na miƙa wa Hadiyya wayar.

Ta ce, "Abba, an ɗaura."

Ina jin sa ta wayar yana ta gyaran murya.