Sunan da Ba a Kira a Tsakar Gida

A gidan marigayi Malam Haruna da ke Soron Ɗinki, waya ba ta kamawa a ɗaki. Ginin ƙasa ne na kaka da kakanni, katangar ɗakin Bahijja kaɗai kaurinta ya kai kamu biyu, ga azara ga rufin soro. In kana son ka ji muryar mutum sai ka fito tsakar gida, kusa da rijiya, ka ɗaga wayar sama. A gindin rijiyar nan kuwa surukarta Iya Kande take shimfiɗa tabarma tun hantsi har la'asar, tana tsintar shinkafa tana sauraron duk abin da ya gifta.

Bahijja ɗanta guda, shekararsa biyu da rabi, bai taɓa cewa ko "mama" ba. Ita ta san dalili. In ta saki labule ta turo ƙofa, babu wasan da ba ta yi masa: ta goya shi ta yi rawa, ta yi masa waƙa, ta kira sunansa a hankali yadda ba mai ji. In yana kallonta ya yi ta ƙyaƙyata dariya. In ya juya baya kuwa, ko sau goma za ta kira, ko gezau. Yaron ba ya ji, kuma kullum da abin take kwana take tashi.

Ta faɗa wa mijinta Zaharaddeen. Shi kuma ya kai maganar gaban mahaifiyarsa, Iya ta ce a daina yi wa jikanta mugun baki, ai uban ma sai da ya shekara uku kafin ya buɗe baki. Zaharaddeen ya dawo yana sosa ƙeya.

"Ki yi haƙuri," in ji shi. "In ma'aikatan nan na waya suka ce a kai shi, da kaina zan kai shi. Iya ma ba za ta ja da su ba."

Su wa ke nan ma'aikatan waya? Da can akwai wata ma'aikaciyar lafiya mai zagaya lunguna, ta shigo gida ta zauna a ɗaki, a ba ta ruwa ta sha, ta ga yara da idonta. Tun da aka koma mulkin farar hula, duk ɗan takarar da ya zo sai ya rantse zai ƙaro irinta goma. Aka wayi gari ita ɗayar ma ta yi ritaya, ba a kawo kowa ba. Sai wata ƙungiya ta zo da shirin taimakon iyaye ta waya: a rubuta sunanki, duk Alhamis da hantsi malama ta kira ki a bidiyo daga ofishinsu na Abuja, ta ga yadda kike da ɗanki, ta ba ki shawara. Akwai kuma likitan kunne na yara da yake zuwa Kano sau biyu a shekara, ba ya duba kowa sai wanda shirin ya tura sunansa. Saboda wannan likitan kaɗai Bahijja ta shiga.

Malamarta sunanta Aminat, yarinya mai fara'a da farin gilashi. Tana jin Hausa, amma a Legas ta tashi. A kiran farko, bayan gaisuwa, ta ce, "To Maman yaro, ɗora shi a cinya. Ki kalli idonsa, ki kira sunansa, ki ce masa kina son sa."

Bahijja ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Ɗan fari ne fa! Kuma sunan surukinta ya ci, Malam Haruna mai gidan nan. Wace 'yar mutunci ce a cikin birni za ta ɗora ɗan farinta a cinya a gaban uwar miji, ta kama sunansa gatsau, har da wai tana son sa? Ita da ko hannunsa ba ta riƙewa in da mutane. "Yaron nan" take ce masa, sauran 'yan gida su ce Malam. Ta sunkuyar da kai ta kama wasa da bakin zane. Iya ta ɗago daga faifan shinkafa ta dube ta, ta dubi wayar, ta yi tsaki ta ci gaba da tsinta.

Aminat ta jira, ta sake jira, sannan ta rubuta wani abu a takarda.

Da aka kashe wayar, Bahijja ta shiga ɗaki ta yi mata saƙon murya, ta fito bakin rijiya ta tura. Ta yi bayani dalla-dalla: ɗan fari ne, akwai kunya, a ɗaki ba haka take da shi ba, kuma ita damuwarta kunnensa. Amsa ta zo da la'asar, cikin murya mai daɗi kamar ta mai tallan sabulu. Wai ta fahimta, amma waɗannan al'adun su ne suke hana yara magana. Wai a binciken da aka yi, yaron da uwarsa ba ta kula shi yakan yi shiru har ya daina amsa kira. Sai an yi sati takwas na darasin shaƙuwa, an ga canji a wurin uwa, kafin a yi zancen likita.

Ka ji fa! Wai ba ta kula shi. Matar da tun da ya fara cin abinci ba ta taɓa cin nama ba ta tauna masa rabi ba.

Ta yi dabara. Ta jingina wayar a kan langa a cikin ɗaki, ta ɗauki kansu suna wasa, ta ɗauki yadda take kiransa ta baya ba ya waiwaye, ta tura. Aka ce a yi haƙuri, ƙa'ida ba ta karɓar bidiyon da aka ɗauka aka ajiye, don wasu iyayen shiryawa suke yi. Sai abin da malama ta gani kai tsaye. Kai tsaye kuwa ba ya yiwuwa sai a bakin rijiya, a gaban Iya.

A sati na huɗu ta sake wata dabarar. Ana cikin kiran, yaron ya ba ta baya yana tura murfin kwalba a ƙasa, ta ɗauki ludayi ta maka wa farantin silba a bayan kansa. Kaji suka watse. Yaro ko motsi.

"Ke!" Iya ta daka mata tsawa. "Firgita min shi za ki yi? Wane irin hauka ne wannan?"

Bahijja ta dubi wayar da sauri, tana jiran a ce an gani. Aminat ta gani, ta kuma dafe ƙirji. "Haba Maman yaro, ba a tsorata yaro. Kin ga har ya saba, shi ya sa bai motsa ba." Ta sake sunkuyawa kan takardarta, wannan karon ta daɗe tana rubutu.

Wallahi ranar Bahijja ko tuwo ba ta iya ci ba don baƙin ciki. Mutum yana zaune cikin sanyin na'ura a wani gari, yana leƙen gidanka ta 'yar taga da ba ta kai tafin hannu ba, minti goma sha biyar a sati, ya ce ya san ka. Bai san ƙamshin ɗakinka ba, bai san wa ke zaune a gefen da wayar ba ta nunawa ba. Kuma shi ke riƙe da alƙalami. Kullum da safe kuma sai saƙonsu ya shigo, da hoton wata mata mai murmushi: "Uwa tagari, kin rungumi ɗanki yau?" Bahijja ta karanta, yaron na ɗaure a bayanta, ta ji kamar ta jefa wayar a rijiya.

Alhamis ta takwas ta zo. Tun da sassafe aka sanar a zauren iyaye na wayar cewa yau da azahar za a rufe sunayen yaran da za su ga likita. Wanda bai shiga ba sai bayan wata shida. Wata shida, alhali wata uwa a zauren ta ce in aka makara da kunne harshe ma yakan tafi.

Ranar kuma, kamar da gayya, tsakar gida a cike take. Ana shirin suna a maƙwabta, mata huɗu sun shigo aron turmi sun zauna hira a tabarmar Iya. Wayar ta yi ƙara. Bahijja ta goge hannu a zane, ta jingina ta a bakin rijiya.

"Maman yaro, ina kwana," in ji Aminat. Yau babu fara'ar. "Gaskiya zan faɗa miki. Sati takwas ban ga kin kira shi ba, ban ga kin rungume shi ba. Na rubuta wa shugabata cewa ki sake darasin daga farko."

"Likitan fa, Malama?"

"Sai zuwa na gaba. Matsalar ba a kunnensa take ba, ki yarda da ni. Muna da irin ku da yawa."

Matan nan huɗu kowace ta kasa kunne. Yaron yana can gindin bango, taku biyar daga uwarsa, ya ba su baya yana jera duwatsu. Bahijja ta dubi ƙeyarsa. Ta dubi Iya, wadda ta shekara huɗu tana yabonta a dangi, tana cewa ta samu suruka mai kunya irin ta da. Ta san gobe war haka babu gidan da ba a yi da ita ba daga nan har Shahuci, kuma ta ji ba ta damu ba.

Ta ɗauki wayar ta juya ta wajen yaron. "To Malama, buɗe idonki ki gani, tunda sai kin gani."

Ta cika ƙirji da iska.

"Haruna!"

Wata daga cikin matan ta ce, "La ilaha illallahu." Faifan da ke hannun Iya ya karkace, shinkafa ta zube a tabarma.

"Haruna! Haruna, ɗana, juyo ka dube ni!"

Muryar ta daki bango ta fita har soro. Wani mai wucewa a lungu ya tsaya ya yi sallama yana tambayar ko lafiya. Yaron ya ɗauki wani dutse, ya juya shi, ya ɗora a kan ɗan'uwansa.

Bahijja ta juyo da wayar fuskarta, hawaye na zuba ba ta share ba. "Kin ji? Sunan uban mijina ne na kama a gaban matarsa. Kin sa na tuɓe kunyata a gaban maƙwabta don ki samu abin rubutawa. To rubuta. Kullum a ɗaki haka nake kiransa, kullum haka yake min. Sati takwas ina faɗa miki da bakina, kin fi yarda da takardarki."

Aminat ta cire gilashin. "Wataƙila," ta ce a sanyaye, "wataƙila ƙarar ce ta yi yawa, yaro yakan..."

"Yi mana shiru, 'yar nan."

Iya Kande ce. Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ko shinkafar da ke zanenta ba ta kakkaɓe ba. Bahijja ta runtse ido tana jiran abin da ta jawo wa kanta. Amma tsohuwar ta wuce ta, ta je ta durƙusa daf da bayan jikanta, ta kula kada inuwarta ta faɗa gabansa. Shekara arba'in da ɗaya ta yi da mijinta Malam Haruna, har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. Ta kai leɓenta kusa da kunnen yaron.

"Haruna," ta ce.

Shiru.

Ta koma ɗaya kunnen. "Haruna. Malam. Ni ce."

Yaron ya ci gaba da jera duwatsunsa. Iya ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo ni Kande," ta ce. "Ni na hana a kai shi."

Daga cikin wayar aka ji Aminat tana cewa ta sa sunan, yanzun nan ta sa, a kawo shi Litinin da safe, a yi haƙuri, don Allah a yi haƙuri. Bahijja ta kife wayar a bakin rijiya, ta zo ta durƙusa kusa da surukarta.

Sai a lokacin gefen zanenta ya taɓa ƙafar yaron, ya waiwayo. Ya ga uwarsa da kakarsa a bayansa, fuskokinsu jage-jage da hawaye, bakunansu na motsi. Ya ɗauka sabon wasa ne. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya zaɓi dutsen da ya fi kyau a cikin jerin, ya miƙa wa uwarsa, ita kuma ta sa hannu biyu ta karɓa a gaban kowa.