Furfurar Manaja

Manajanmu ya ƙi duk launukan da na zaɓa wa shafin kamfaninmu na intanet. Ya ce shi yana so shafin ya yi kama da shi.

Sai na ɗora hotonsa a manhajar da ke tsamo launuka daga hoto. Ta fito da baƙin rinin gashinsa, da farin furfurar da ta leƙo ƙarƙashin rinin.

Ya nuna farin da yatsa. "Wannan kuma daga ina?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Mataimakinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, manhajar ce ta tsufa."

Washegari aka haramta ta a ofis. Shafin ya fito baƙi ƙirin, rubutun ma baƙi, muka yi ta yabawa.