Bel a Motar Prudencio

"Kuɗin kujerar baya kaf, zuwa da dawowa," in ji Don Prudencio Pech, direban motar haya, yana magana yana kallon wani wajen kamar ba da ita yake ba. "Rabi yanzu, rabi in na dawo da ke. Kuma da sharaɗi."

Tsohuwar ta gyara tsayuwa a inuwar shagon mai ƙanƙara. "Faɗi sharaɗinka, ɗan nan. Jirgi ba zai jira ni ba."

Prudencio ya haura sittin, rabon da a ce masa ɗan nan har ya manta. Da yaren Maya na kakanninsu ta faɗa kuwa, irin na tsofaffin ƙauye wanda ko a kasuwa an daina jinsa, shi ya sa ma ya tsaya saurarenta. Sunanta Doña Herminia Cauich. A ƙauyen da ke gindin Kufan Dutse, tsoffin gine-ginen da baƙi ke zuwa kallo, aka haife ta, ta tafi Amurka tana budurwa, can ta tsufa. 'Ya'yanta ne suka haɗa mata kuɗin jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido, wanda ya tsaya a tasharmu da safen nan, da yamma kuma zai ɗaga. Ta ce ba za ta shiga garin ubanta a bayan tasi mai sanyi ba, wani yaro yana nuna mata itatuwa yana faɗa mata sunayensu.

Abin da ya sa ake maganar ƙasa-ƙasa, a garin nan tun tuni aka raba fasinja. Duk wanda ya sauko daga jirgi na 'yan tasi ne, ɗan gari da kayansa na motocin haya ne. Direban da aka kama da mutumin jirgi, ƙungiyar 'yan tasi ba ta barinsa sai an cire shi daga layin tashar mota har lokacin jirage ya wuce. Bara aka yi wa wani haka, yanzu kwakwa yake fasa wa mutane a bakin teku. Prudencio kuwa motar nan ita ce gonarsa, ba shi da wata.

"Katin jirgin da ke wuyanki, cikin riga," ya ce. "Hula da tabarau cikin jaka, jaka ƙarƙashin kujera. Ki zauna tsakiyar mata. Ko wa ya yi miki magana, ke kurma ce."

"Na yarda."

Ya aro mata mayafi wurin Doña Chabela Tun mai kifi, wadda kullum motarsa take shiga da kwandonta zuwa kasuwar ƙauye. Ya karɓi talotalon wata mata ya ɗora wa tsohuwar a cinya. Chabela ta dube ta sama da ƙasa, ta shaƙi iska.

"Prudencio, yaushe ka yi baƙuwa mai ƙanshin turare haka?"

"Gwaggon matata ce. Daga asibiti take."

"Allah ya ƙara sauƙi. Asibitin nan dai da alama a kan ruwa yake."

Mata suka yi dariya a cikin mayafi. Mota ta cika, ya shafi hoton Maryamu da ke gaban sitiyari, ya tayar.

A bayan gari, inda hanya ta rabu biyu, akwai wata babbar bishiya da 'yan tasi ke fakewa ranar jirgi suna kallon motocin da ke wucewa. Yawanci hannu ake ɗaga wa juna. Yau sai ɗayansu, Nazario Uc, ya fito tsakiyar titi ya tare. Mutum ne mai ƙiba da ƙananan idanu, wanda bai taɓa manta fuska ba.

Prudencio ya taka birki.

"Don Pruden, yau ka yi sammakon cika."

"Kasuwa ce, Nazario. Ko kai ma za ka je ne in matsa maka?"

"An ce wata tsohuwa ta fito ƙofar tasha ta ƙi tasi, ta bi ta lungun masu ƙanƙara. Ko ka gan ta?"

"Ni tsofaffi kaɗai nake gani tun safe. Duba motar, har da ni."

Nazario ya zagaya ya ja ƙofar gefe. Zafi da ƙarnin kifi suka buso masa. Ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya: mai kifi, mai lemo, mai talotalo a cinya kanta a sunkuye. Har ya kama ƙofa zai rufe, sai ya tsaya.

Prudencio ya kalli madubi, ya ga abin da Nazario ya gani. Ta saman mayafin aro, daga kafaɗa zuwa ƙugu, ga baƙin bel a ɗaure tsaf. Shekara da shekaru yana jan motar nan, bai taɓa sanin bel ɗin tsakiya yana aiki ba. Matar da ta zauna Amurka hannunta ne ya ɗaura shi, ita kanta ba ta sani ba.

"Inna," in ji Nazario a hankali, "wa ya koya miki ɗaura bel a motar Prudencio?"

Tsohuwa ba ta ɗago kai ba. Talotalo ya miƙa wuya ya yi kuka.

"Ba ta ji," in ji Prudencio. "Tiyata aka yi mata, likita ne ya ce a ɗaure ta saboda ramuka."

"Likita." Nazario ya yi murmushi. "Kashe motarka, Don Pruden. Bari in kira shugaba ya zo ya ga aikin likita."

Ƙa'idarsu ce, ba a cire direba daga layi da bakin mutum ɗaya, sai shugaban ƙungiya ya gani da idonsa. Shugaban, Don Fulgencio, yana can gindin bishiya a kan kujera yana fifita da hula. Nazario ya nufe shi ba gaggawa, kamar wanda ya riga ya ci kasuwa.

Prudencio ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya yi tunanin ya taka mota ya gudu, to amma ina za shi? Gobe ma nan zai biyo. In ya ce ta kwance bel ɗin kuwa, Nazario ya riga ya gani, kwancewar ita ce amsa laifi. Sai ya ji Chabela tana nishi a baya.

"Ɗaga ƙugunki, Lupe mai lemo, kin zauna min a kan nawa. Kai, wannan mota! Har ɓawon lemon bara yana nan."

Ya sake duban madubi. Chabela ta cusa hannu ƙarƙashin kujera ta zaro wani bel da ya yi fari da ƙura, ta ja shi bisa ƙirjinta. Mai lemo ta lalubo nata. Wadda ke bakin taga ta tarar nata ba shi da bakin ƙarfe, sai ta ƙulle shi kamar igiyar akuya. Wani dattijo a kujerar baya ya rasa nasa, ya kama ƙarshen na maƙwabciyarsa ya riƙe a ciki.

Don Fulgencio ya iso yana jan ƙafa, ya leƙa. Ya daɗe yana kallo.

"Wacce ce?"

Nazario ya buɗe baki, ya nuna. "Waccan mai talotalon. Ita kaɗai ce ɗazu."

"Ita kaɗai a gidan wa?" in ji Chabela. "Kai ka taɓa shiga motar mutumin nan? Birkinsa sai an roƙe shi. Mu da muke da jikoki, mu zauna sake? In ɗaura bel shi ne saukowa daga jirgi, to dukkanmu daga jirgi muke, kawo tasinka mai sanyi ka kwashe mu har da kifin."

"Doña Chabela, ba da ke nake ba."

"Ni da kai nake, ɗan Petrona. Rana tana dafa min kaya kana ƙirga bel."

Shugaba ya sunkuya wajen tsohuwar. "Inna, daga ina?"

Prudencio ya rufe ido. Doña Herminia ta ɗago kai, ta dube shi, ta ce da yaren Maya, da muryar tsofaffin da suka yi renon iyayensa, "Cire kanka daga ƙofa, kana tare min iska."

Don Fulgencio ya ja da baya kamar yaron da aka kama a madafa. Ya harari Nazario, ya buga wa motar hannu. "Wuce, Pruden."

An wuce, amma Prudencio bai saki numfashi ba, don kafin su sha kwana ya hango farar tasi a madubi. Nazario ne, shi kaɗai, ba fasinja. Haka ya bi su har ƙauye, ya jira aka sauke kifi da lemo da talotalo, ya bi su har ƙofar Kufan Dutse, ya faka a tsallaken hanya ya kashe mota.

Tsohuwa ba ta hau matattakalar dutsen da baƙi ke hawa ba. Ta bi gefen shinge zuwa wata tsohuwar rijiya da ciyawa ta rufe, inda gidan ubanta yake kafin a tashe su a kewaye wurin. Ta zauna a bakinta. Prudencio ya bar ta, ya tsaya a inuwa yana lissafin abin da ke gabansa. In ya mayar da ita, Nazario zai bi su har ƙofar tasha, ya kira shugaba ya ga mai talotalo tana zaro kati daga riga. Nan ba Chabela, ba mai cetonsa. In ya ƙi mayar da ita, jirgi ya tafi ya bar tsohuwa.

Da rana ta karkata, ya je ya yi mata magana. Ta saurara, ta gyaɗa kai, ta ninke mayafi ta ba shi, ta fito da hula da tabarau. Shi kuma ya tsallaka titi ya jingina da tagar tasi.

"Nazario, ga wata baƙuwa can ta rabu da 'yan rakiyarta. Mutumiyar jirgi ce, da katinta a wuya. Ka san ni ba na ɗaukar irinsu."

Nazario ya dubi tsohuwar da ke tahowa, ya dubi Prudencio. "Da ƙafa ta zo nan, ko?"

"Ban tambaye ta ba. Cikakken kuɗin tasi za ta biya. In kuwa kana so ka je ka gaya wa shugaba ka bar layi tun safe ka ƙona mai a banza, ga fasinja a gabanka ka ƙi ɗauka, to bismilla, akwai wata tasin a bayanka."

Nazario ya tauna leɓe. In ya ɗauke ta ya karɓi kuɗinta, bakinsa ya rufu, don ba zai iya kai ƙarar fasinjan da shi ya shiga da ita tasha. Ya san haka, ya kuma san Prudencio ya sani. Ya fito ya buɗe mata ƙofar baya.

"Tsohon ɓarawo," ya ce ta gefen baki.

"Ka tuƙa a hankali, gwaggon matata ce."

To, Nazario ya ci kuɗin dawowa, ya haɗiye maganarsa. Doña Herminia ta ga rijiyar ubanta, ta kuma tarar da jirginta. Prudencio ya rasa rabin cinikinsa, amma washegari motarsa tana layi. Wadda ta yi asara ita ce Chabela, don tsayuwar nan ta sa ta iske kasuwa ta fara watsewa, ta sayar da kifinta yadda aka taya.