Kalmomi Biyar na Wendell Hostetler

Wendell Hostetler, mai shekara saba'in da tara, ya faɗi kalmomi biyar babu gargada a gwajin shiga rukunin gidajen 'yan fansho da ke bayan garin Dayton ranar Litinin da safe. Sai dai ba su ne kalmomin da aka ba shi ba.

Dokar wurin ita ce ba a sayar wa kowa gida sai an gwada ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya ci, ya zauna da iyalinsa. Wanda ya faɗi, sai ɓangaren da ake kullewa, matarsa ta riƙa zuwa ziyara. Matarsa Lorraine ta san haka. Ta kuma san tun bara Wendell ya fara ɓata a hanyar cocin da ya yi shekara arba'in yana zuwa. Ko 'ya'yansu ba ta faɗa wa ba.

Wata ƙawarta da ta riga su shiga ce ta raɗa mata kalmomin da ake tambaya. Sati uku tana yi masa bita, a mota da kan teburin abinci.

"Ke kam da malamar makaranta kika zama, da yara sun gudu," in ji shi.

"Maimaita, tsoho. Ban da surutu."

A ɗakin gwajin, nas ɗin ta karanto masa nata biyar: gada, lemo, fitila, doki, Alhamis. Lorraine, tana zaune a bayansa, ta gane ba su ne waɗanda ta koya masa ba. An canza su. Nas ta sa shi ya zana agogo, sannan ta ce, "Mista Hostetler, waɗanne kalmomi na faɗa maka ɗazu?"

Ya gyara zama. "Kogi, hula, kujera, shuɗi, ƙararrawa." Ya waiwayo yana murmushi. "Yaya, malama? Na ci?"

Nas ta dubi Lorraine, ta daɗe tana dubanta.

"Waɗannan na watan jiya ne, Misis Hostetler."

Lorraine ta damƙe jakarta. Nas ta rubuta layi biyu, ta rufe fayil.

Kwamitin wurin da ke yanke hukunci a kan sakamakon gwajin zai zauna ranar Laraba. Waɗanda suka sayi tsohon gidan su Lorraine za su karɓi makullai ranar Juma'a da tsakar rana.