Muryar Mma Munawara

Bayan azahar aka kira Samed da wata lamba da bai sani ba. Shi ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti mai rassa uku, Salaga da Yendi da Bawku, daga wani ɗaki mai fanka ɗaya a Yendi.

"Samed, ni ce. Wayata ta faɗa bokitin wanki, lambar shiga kwamfuta kuma can take zuwa. Buɗe min, ga mai ciki a gabana, ina son ganin gwajin jininta."

Mma Munawara ce, babbar ungozomar reshen Bawku, aminiyar mahaifiyarsa. Ya san muryar har da ɗan tarin da ke bin ta. Amma shi da hannunsa ya kafa sabuwar doka, bayan wani ya kwaikwayi muryar likita ya kwashe bayanan marasa lafiya: na'ura ba ta san kowa ba, duk mai shiga sai ya nuna shaida, ko da ya shiga jiya. Wata uku ke nan yana wannan bayani ga mutanen da suka haife shi, har ya gaji da jin kansa.

"Mma, ki hau ofishin manaja Abdul-Gafar, ya kira ni ta bidiyo in gan ku tare."

"Ka gan ni? Ni da na yanke maka cibiya? Na riga uwarka ganinka."

"Na sani, Mma."

"To wa kake zato, aljana?"

A zango, unguwarsu ta Hausawa, ba a neman shaida wurin babba, tambayar kanta zagi ce, kuma matar nan ba ta mantuwa. In kuwa ya buɗe, gobe duk wanda ya iya muryarta ya shige. Abin da ya fi ci masa rai, ɓarawon ma da zancen cibiya zai zo.

"Ki yi haƙuri, Mma. Ki hau."

Minti ashirin ta yi a kan benen saboda ciwon gwiwa. Da fuskarta ta fito a allon kusa da ta manajan, tana haki, sai ta ɗaga katin aikinta ba wanda ya ce ta ɗaga. Ya buɗe mata.

"Mma, yaya mai cikin?"

"Sirrin mara lafiya ne, Malam Samed. Ba na faɗa wa wanda ban sani ba."

Allon ya mutu. Yana nan zaune yana kallonsa wani kiran ya shigo daga Salaga.