Zoben da Hasebe Ya Yi Alkawari

Ni na riga kowa gani, ni da na tsufa a kogunan Hokkaido na ƙasar Japan, ambaliya ta ja ni ban mutu ba.

Ranar da Hasebe, tsohon direban bas, ya shiga ƙungiyar masu wankin zinare, shugaba ya faki idonsa ya jefa masa ƙwayar zinare ɗaya a faranti. Haka ake yi wa sabon shiga, don kada gwiwarsa ta yi sanyi. Hasebe ya ga ƙyalli. A ranar ya yi wa matarsa Tomie, da ke kwance asibiti, alkawarin zobe daga kogin.

"Shugaba, yaushe zan tara na zobe?"

"Ci gaba da wanki, ango," in ji shugaba, kansa a sunkuye.

Shekaru sun shuɗe, zinaren da ya tara a kwalba bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kullum yakan auna yatsan Tomie da zare, ya dawo yana ce mana yatsan ya ƙara sirancewa, zinaren ya kusa isa.

Mai musu ya zo kogin da safe, zai same shi tsugune cikin ruwa. In ya isa, ya faɗa masa gaskiya.